Gidan Rumfa da Sarautar Kano

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Sarakunan Kano na dā sun san haka, shi ya sa suka kafa mulkinsu da gini.

Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwa. Tun daga nan na ciki ya zama ɗan birni, na waje kuwa sai ya shiga ta ƙofa. Sa'an nan Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ganuwar, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa.

Darajar gidan nan ta bayyana bayan jihadi. Da Sulaimanu ya zama sarki, Fulani suka hana shi shiga, don gidan Haɓe ne. Kanawa suka ce wanda bai shiga Gidan Rumfa ba bai mallaki birni da ƙauye ba. Sai da Shehu Usmanu ya ba da izini, kana ya shiga, sarautarsa ta zauna.

Turawa da suka ci Kano a 1903 ba su rushe shi ba. Suka naɗa Abbas, ya zauna a ciki, aka yi ta tafiyar da mulkin En'e daga ƙofarsa. Har a 2024, da aka yi jayayyar sarauta, abin da jama'a suka fara tambaya shi ne wa ke cikin Gidan Rumfa.

To, ma'aikata, gidan da ya riƙe sarauta fiye da shekara 500 amana ne. In aka bari ya zube, ba katanga kaɗai za ta faɗi ba.