Daga Filin Makaranta zuwa Zauren CAF: Yadda Ake Samun Kujerar Mulkin Ƙwallo

A gidajen kallon ƙwallo na Tambuwal da Kebbe, kamar sauran garuruwanmu, an ɗauka ƙasar da ta fi iya taka leda ita ce ke da baki a hukumomin nahiya. Tarihin masu riƙe da kujerun bai goyi bayan wannan zato ba.

A watan Mayun 2011 aka dakatar da Mohammed bin Hammam na Ƙatar bisa zargin cin hanci, sai riƙon hukumar ƙwallon Asiya, AFC, ya faɗo hannun Zhang Jilong na ƙasar Sin har zuwa Mayun 2013. Sau ɗaya tak Sin ta je gasar cin kofin duniya ta maza, a 2002. Abin da ya kai Zhang kujerar shi ne daɗewa a kwamitoci har ya zama babban mataimakin shugaba.

Maƙwabtanmu sun ba mu hujja mafi kusa. A zaɓen da aka yi a Alƙahira cikin Maris 2025, Kanar Djibrilla Hima Hamidou, wanda a lokacin yake shugabantar hukumar ƙwallon Nijar tun 2009, ya shiga majalisar FIFA, Amaju Pinnick na Najeriya kuwa ya rasa kujerarsa. Nijar ba ta taɓa zuwa kofin duniya ba. Amma ƙuri'arta ɗaya ce, ta Najeriya ma ɗaya ce, kuma wanda ya shekara goma sha shida yana zama da takwarorinsa ya san wa zai nema ran zaɓe. Mu kuwa a tsakanin 2002 da 2014 mun ga Ibrahim Galadima na Kano, da Sani Lulu, da Aminu Maigari a shugabancin hukumar ƙwallon Najeriya, kowannensu ya sauka cikin rigima, har FIFA ta dakatar da Najeriya a Yulin 2014. Ina za a ƙulla amana da baƙuwar fuska kowane zango?

Za a ce daɗewa kan kujera na haifar da mulkin mallaka, kuma akwai gaskiya a ciki. Issa Hayatou, ɗan gidan sarautar Garwa, ya riƙe hukumar ƙwallon Afirka, CAF, daga 1988 zuwa 2017, kuma ya sha suka kan toshe wa masu hamayya hanya. Duk da haka a zamaninsa guraben Afirka a kofin duniya suka tashi daga biyu zuwa biyar. Maganin mallaka shi ne ƙayyade wa'adi da binciken kuɗi, tumɓuke shugaba ta ƙofar kotu kuwa raunana ƙasa yake yi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muka yi sakaci da matakin farko na tsanin mulkin ƙwallo. Ibrahim Musa Gusau, wanda aka zaɓa shugaban hukumar ƙwallon Najeriya, NFF, a Satumban 2022, daga shugabancin hukumar ƙwallon Zamfara ya taso, jihar da ke iyaka da Kebbe. Shugabannin hukumomin jihohi ne suka fi rinjaye a wancan zaɓe, su kuma wakilan ƙananan hukumomi na cikin masu zaɓensu. Ke nan mutumin da ke shirya gasar rani a filin makarantar firamare a Dogon Daji ko Kuchi yana da alaƙa da wanda zai ɗaga hannu a madadin Najeriya a Alƙahira. Ya kamata masu ƙungiyoyi da masu horar da yara a garuruwan nan su san wa ke wakiltarsu a Sakkwato, yaushe wa'adinsa zai ƙare, kuma nawa ne ya iso filinsu daga kuɗin raya ƙwallo da FIFA ke turo wa NFF.