Tarihin Dokar Gajerun Bindigogi a Amurka

Ƙa'idar da ta raba ƙaramar bindiga ta hannu da doguwar bindiga mai gajeren bututu a Amurka ta samo asali ne daga dokar bindigogi ta ƙasa, wadda ake kira NFA, da Shugaba Franklin Roosevelt ya sanya wa hannu a ranar 26 ga Yuni, 1934. Zamanin ne na 'yan dabar Chicago, waɗanda kisan gillar da suka yi a ranar masoya ta 1929 ya girgiza ƙasar. Gwamnatin tarayya ta ji tsoron kotu za ta rushe haramci kai tsaye, sai ta bi ta haraji: dala 200 da rajista ga duk wanda zai sayi makaman da dokar ta lissafa. A lokacin kuɗin ya fi farashin yawancin bindigogin.

Daftarin farko da Antoni-Janar Homer Cummings ya kai majalisa ya haɗa da ƙananan bindigogi. Don kada mutum ya guje wa harajin ta hanyar yanke bututun doguwar bindiga ya ɓoye ta a riga, aka sa duk doguwar da bututunta bai kai inci 18 ba a cikin dokar. Da aka sha matsin lamba, sai majalisa ta cire ƙananan bindigogin, amma ta bar sashen gajerun bututu. An rushe gida, an bar katanga. Yawancin ruɗanin da ya biyo baya daga nan ya taso.

Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar a shari'ar Miller a 1939. A 1960 aka sauke ma'aunin bututun doguwar bindiga zuwa inci 16, tare da sharaɗin cewa tsawonta gaba ɗaya kada ya gaza inci 26 idan an yi mata gyara.

Batun sauya bindiga daga wani nau'i zuwa wani ya kai kotu ne ta dalilin kamfanin Thompson/Center, wanda a lokacin yake sayar da ƙaramar bindigarsa Contender tare da gindin ɗorawa a kafaɗa da bututu mai inci 21. Gwamnati ta ce mai saye zai iya haɗa gindin da gajeren bututu, don haka kayan sun faɗa ƙarƙashin dokar. A 1992 Kotun Ƙoli ta ba kamfanin gaskiya, tana cewa dokar ba ta fito fili ba. Hukumar ATF mai kula da harkar bindigogi ta fayyace matsayinta a 2011: bindigar da aka fara ƙerawa a matsayin ƙarama za a iya mayar da ita doguwa, a kuma dawo da ita. Wadda aka fara ƙerawa doguwa kuwa, ba a mayar da ita ƙarama sai da izini. Bindigogi biyu na iya zama iri ɗaya sak, ɗaya halal, ɗaya kuma ta jawo ɗaurin da zai iya kai shekara goma.

Rikici na baya-bayan nan a kan maɗaurin hannu na ƙaramar bindiga ne, wanda aka ƙirƙira a 2012 domin tsofaffin sojoji masu naƙasa, ATF kuma ta amince da shi. Da mutane suka riƙa ɗora shi a kafaɗa, hukumar ta yi ta sauya magana, har a Janairun 2023 ta ayyana yawancin irin waɗannan bindigogi a matsayin gajerun dogaye masu buƙatar rajista. Wata kotun tarayya a Texas ta soke wannan ƙa'ida a Yunin 2024. A 2025 majalisa ta mayar da harajin nan na dala 200 a kan gajerun bindigogi zuwa sifiri daga 1 ga Janairun 2026, amma ta bar rajista da neman izinin ATF kafin ƙerawa yadda suke.