Daga Sawun Saniya Zuwa Sawun Taya: Tarihin Turbobin Farin Dutse

Farin Dutse mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Gwaram, a kudancin Jihar Jigawa, ƙasar da ta yi iyaka da Jihar Bauchi. Wanda ya bar kwalta a wannan yanki, ko ta ɓangaren Birnin Kudu ko ta ɓangaren Gwaram, zai tarar da siraran hanyoyi sun warwatsu tsakanin gonaki da duwatsu, wata ta faɗa rafi, wata ta hau tudu. Mota ba ta iya bin da yawa daga cikinsu, musamman da damina. Babur ne sarkinsu, kuma galibi ba shi kaɗai yake tafiya ba. Ranar kasuwa ko ranar kai amarya, a jere ake ganin babura, biyar, goma, kowa yana bin sawun na gabansa.

A ƙasashen Turai irin wannan tafiya wasa ce da ake kashe mata kuɗi. A wajenmu hanyar abinci ce, hanyar asibiti, hanyar zumunci. Babur kuwa baƙo ne a kan waɗannan turbobi, domin ya tarar da su da tsari da ladabin da aka gada tun zamanin jaki.

Shanu suka fara

Tsohuwar shaidar zirga-zirga a wannan ƙasa tana jikin duwatsun Birnin Kudu. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu akwai zanen shanu da mutanen da suka yi a jikin dutse. A tsakiyar shekarun 1950 Bernard Fagg, Baturen da ke aikin adana kayan tarihi a Jos, ya yi nazarin zanen tare da duwatsun nan masu ƙara kamar ƙararrawa idan an buga su, kuma daga baya aka sanya wurin cikin kayan tarihin ƙasa. Shanun da ke cikin zanen ba su da tozo, wato sun bambanta da farare da jajayen da muke gani a hannun makiyaya a yau. Ke nan kiwo ya daɗe a nan ƙwarai.

Saniya ba ta bin hanya don nishaɗi. Tana neman ruwa da ciyawa ne ta inda ƙafa za ta fi samun sauƙi. Garke ya bi wuri yau, ya bi gobe, ƙasa ta daddale, ciyawa ta daina fita, sai turba ta samu. Da noma ya yawaita, sai aka shata wa dabbobi burtali tsakanin gonaki, aka dasa masa shinge. Duk ɗan acaɓan da ya ratsa tsakanin gonaki biyu ta wata faffaɗar hanya mai yashi, mai shinge hagu da dama, a kan aikin makiyaya da manoman da yake tafiya.

Zamanin doki da ganuwa

A ƙarni na 19 Birnin Kudu da Gwaram suna ƙarƙashin masarautar Kano, kuma su ne bakin iyakarta ta kudu maso gabas. Wajen 1846 Malam Hamza ya tashi daga Tsakuwa da mabiyansa saboda saɓani kan haraji, ya shige duwatsun Ningi. Daga nan Ningawa suka shafe fiye da shekara 50 suna kai hare-hare kudancin ƙasar Kano, har zuwan Turawa a 1902. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, ya sha fita yaƙi da su.

Wannan zamani ya koya wa mutanen yankin abu biyu. Na farko, ba a tafiya ɗaiɗai. Na biyu, sanin hanya dukiya ce. Wanda ya san mashigin da doki zai iya ƙetarewa, da kwazazzabon da za a ɓuya a ciki, da turbar da ke zagaye dutse ta ɓulla bayan gari, shi ke tsira da iyalinsa.

Fatake sun ɗora nasu tsarin a kan wannan. Ayarin Hausawa yana da madugu mai yanke shawara, wanda ke magana da sarakunan hanya ya biya kuɗin fito. Yana da jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya da zango. Ba a tashi sai an ɗaure wa kowane jaki kayansa, kuma idan kayan wani suka zube, ayari ne ya tsaya, ba mutum ɗaya ba.

Gyaɗa, kwalta da abin da aka bari a baya

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, gyaɗa ta zama kuɗi. Jakuna da raƙuma da takarkarai suka riƙa kwaso ta daga ƙauyuka zuwa inda ake awo. Daga baya manyan motoci suka karɓi dogon zango. Gwamnatin mulkin mallaka ta gina hanyoyinta ne domin fitar da amfanin gona da kuma rangadin jami'anta, saboda haka babbar hanya ta haɗa manyan garuruwa, ƙauyukan da ke bayan duwatsu kuwa aka bar su da turbobinsu.

An yi yunƙurin cike wannan giɓi. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa hukumar DFRRI domin hanyoyin karkara da ruwan sha. A ranar 27 ga Agusta, 1991 aka yanki Jigawa daga Kano, hedikwata ta dawo Dutse, kusa da gida. Gwamnatocin jihar sun shimfiɗa hanyoyi da yawa tun daga lokacin. Amma hanyar burji tana son gyara duk shekara, damina kuwa ba ta fashi. Kuma ko kwalta ta kai bakin gari, ba ta kai gona, ba ta kai ruga.

Zuwan babur

Keken Raleigh ne ya fara rage wa ƙafa aiki. Babur ya daɗe yana hannun ma'aikata da masu hali: malamin gona, duba-gari, hedimasta. Da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a farkon 1975, Honda da Suzuki da Yamaha da Vespa suka yawaita. A lokacin babur abin ado ne, ana goge shi a jingine a inuwa.

Matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan shirin SAP na 1986 ne ya mayar da shi sana'a. Mota ta yi tsada, kayan gyaranta suka yi tsada, acaɓa ta bunƙasa. Daga baya baburan Sin irin su Jincheng suka karya farashi, sannan Bajaj Boxer na Indiya ya zo ya mamaye karkara. Dalilin farin jininsa a bayyane yake: doguwar kujera mai ɗaukar buhu da fasinja, ƙarancin shan mai, da inji mai sauƙin da bakaniken ƙauye zai kwance ya ɗaure a gindin bishiya. Abin da jaki ke yi a wuni, sai ya koma aikin sa'a ɗaya ko biyu.

Turawa da wasan jeji

Su Turawa tun farko gwajin ƙarfe da jarumta suka ɗauki hawan babur a mugunyar hanya. A 1913 aka fara gasar kwana shida ta ƙasa da ƙasa a Carlisle ta Ingila. A watan Disamba na 1934 wasu mata biyu 'yan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka tashi daga Landan a kan babur ƙirar Panther mai akwatin gefe, suka ƙetare Sahara ta Agadas, suka sauka Kano, suka isa Cape Town a watan Yuli na 1935. A 1977 Bafaranshe Thierry Sabine ya ɓata a hamada a kan babur, da aka ceto shi sai ya ƙirƙiro tseren Paris zuwa Dakar. Na farko ya tashi ranar 26 ga Disamba, 1978, ya bi ta Agadas, kuma Cyril Neveu ne ya zo na ɗaya a kan Yamaha XT500. Tseren ya bar Afirka zuwa Kudancin Amurka a 2009, ya koma Saudiyya a 2020.

Waɗannan an rubuta sunayensu da ranakunsu. Mai ɗaukar buhun masara biyu ya ƙetare rafi da su sau huɗu a wuni, a kan babur da bai kai rabin ƙarfin nasu ba, labarinsa a bakin abokan sana'arsa kaɗai yake.

Ayari ya dawo

Idan muka dubi yadda masu babur ke tafiya a jere zuwa kasuwar Sara ko wata kasuwar ƙauye, za mu ga tsarin fatake bai mutu ba. Wanda ya fi sanin hanya shi ne a gaba. Na baya suna barin tazara saboda ƙura, kuma don kada faɗuwar ɗaya ta zama faɗuwar uku. A cikin yashi ba a danne birkin gaba, ba a kuma sakin wuta kwatsam. Ana ja baya a kan kujera a bar tayar gaba ta yi sauƙi. A taɓo ana bin sawun da aka riga aka bi. A bakin rafi mutum ɗaya ke sauka ya shiga da ƙafa ya auna zurfi da ƙarfin ruwa, domin idan ruwa ya shiga inda inji ke shaƙar iska, tafiya ta ƙare. Inda ruwa ya fi ƙarfin taya, kamar kogin Bunga idan ya cika, sai a ɗora babur a kwalekwale a biya masu fito. Wanda ya yi faci ba a barinsa shi kaɗai a daji.

Darajar jagaba ba ƙarama ba ce. A watan Agusta na 2021 wata motar fasinja da ta taso daga Kano ta faɗa gadar da ruwa ya karya a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, mutum 21 suka rasu. Allah ya jiƙansu. A ƙasar da ruwan dare ɗaya ke iya cinye hanya, labarin da na gaba zai ba na baya shi ne abin da ke tsakanin matafiyi da ajali.

Lokacin da jerin babura ya zama abin tsoro

Wannan ƙarfen da ke kai mai naƙuda asibiti shi ne kuma ya shiga hannun miyagu. Bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero ranar 19 ga Janairu, 2013, gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni. A Zamfara da Katsina, inda 'yan bindiga ke shiga ƙauyuka a kan babura masu yawa, gwamnatoci sun taƙaita hawansa da sayar da mai a jarka a 2021. Duk wanda ke sauraron rediyo ya ji waɗannan labarai. Saboda haka ƙarar babura goma da ba a san su ba tana iya tayar da hankalin ƙauyen da ke zaune lafiya.

Wannan ya shafi matasan birni da suka fara sha'awar fita daji a kan babur don shaƙatawa da ɗaukar hoto. Sha'awa ce mai kyau, tafiya mabuɗin ilimi ce. Amma madugu ba ya shiga gari sai ya aika. A sanar da mai gari ko mai unguwa tun kafin a zo. A ɗauki ɗan gari a gaba a biya shi hakkinsa. A rage gudu a bakin gidaje saboda yara, a kashe inji idan an haɗu da garke a burtali, kada taya ta taka shuka. A sa hular kwano, wadda dokar ƙasa ta wajabta tun ranar 1 ga Janairu, 2009. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Turbar da ba ta cikin waya

Mu da muke sana'ar rubuta manhaja mun san cewa taswirar da ke cikin waya tana nuna abin da wani ya zauna ya shigar ne kawai. Masu yaƙi da cutar shan inna sun gane haka. Daga wajen 2012 aka riƙa amfani da hotunan tauraron ɗan'adam da wayoyi masu nuna inda mutum yake domin bin sawun masu rigakafi a jihohin Arewa, har da Jigawa, kuma ta haka aka gano ƙananan ƙauyuka da rugage da ba sa cikin taswirorin da aka zana da hannu. A ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Babur da turba suna da kaso a wannan nasara, domin su suka kai akwatin sanyi inda mota ta tsaya.

Turbobin suna canzawa a gaban idonmu. Jama'a na ƙaruwa, gona na cin burtali taku-taku, kuma duk inda burtali ya toshe, garke zai faɗa shuka, rigima ta tashi. Dattawan da suka san sunan kowane mashigi da dalilin sunan suna raguwa. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace kewaya ta kilomita biyar kuɗi ce daga aljihun talaka.

Aikin da ke gabanmu ba mai tsada ba ne. Taswirar OpenStreetMap a buɗe take, kowa na iya ƙara hanya a ciki. Ɗan acaɓa da waya a aljihu zai iya ɗaukar sawun turba a tafiya ɗaya, dattijo ya faɗi sunanta, ɗalibi ya shigar, a rubuta wadda ke yankewa a watan Agusta da wadda ke biyuwa duk shekara. Ranar da motar asibiti ko jami'in da ke rabon aikin hanya zai duba taswirar Farin Dutse, ya kamata ya tarar da abin da makiyayi da falke da ɗan acaɓa suka daɗe da sani.