Misalan Linjila da Sarautar Almasihu

A shekara ta 63 kafin haihuwar Annabi Isa, wani sarkin yaƙin Rumawa mai suna Fompi ya ci birnin Urushalima. Tun daga ran nan Yahudawa suka koma ƙarƙashin ikon Rum, suna biyan haraji, suna sauraron ranar da Allah zai aiko musu Almasihu. Ma'anar wannan kalma ita ce wanda aka shafa wa mai, gama ta haka a ke naɗa sarakunansu, kamar yadda aka naɗa Annabi Dauda. Da yawa cikinsu suna tsammani Almasihu zai fito daga zuriyar Dauda, ya tara dakaru, ya kori Rumawa.

Wajen shekara ta 30 Miladiyya, zamanin da Buntus Bilatus ke Gwamnan Yahudiya, Annabi Isa, wanda Kirista su ke kira Yesu, yana zaga garuruwan Galili yana wa'azi. Sau da yawa kuwa da misalai ya yi wa'azinsa, watau gajerun labarai na noma da kiwo da ciniki. An rubuta fiye da 30 cikin littattafan Matiyu da Markus da Luka. Daga cikinsu ne Kirista suka koyi irin sarautar da su ke cewa Almasihu ya zo da ita.

Akwai misalin ƙwayar mustad. Ya kwatanta Mulkin Allah da wannan 'yar ƙwaya, wadda in an shuka ta sai ta girma har tsuntsaye su sami wurin sauka. Mai jiran dawaki da masu, sai aka nuna masa iri cikin ƙasa. Kirista suka fahimta mulkin nan a hankali ya ke yaɗuwa, ba da takobi ba.

Akwai kuma misalin makiyayi mai tumaki 100, wanda guda ta ɓace masa, ya bar 99 ya bi sawunta har ya same ta. Luka ya ce an ba da misalin ne sa'ad da malamai suka zargi Yesu kan cin abinci da masu karɓar haraji da masu zunubi. Tun da, littafin Ezekiyel ya kira Allah makiyayin jama'arsa. Saboda haka Kirista suka ce aikin Almasihu shi ne neman ɓatacce.

Amma misalin da ya fi nauyi a Haikalin Urushalima aka ba da shi. Bayan Yesu ya kori masu ciniki daga can, manyan malamai da dattawa suka tambaye shi wa ya ba shi iko. Sai ya kawo labarin wani mai gonar inabi da ya ba manoma aronta, bisa sharaɗin za su riƙa ba shi rabonsa. Ya aiki bayinsa karɓa, suka doki waɗansu, suka kashe waɗansu. Daga bisani ya aiki ɗansa, suka kashe shi don su ci gado. Masu sauraro sun san Ishaya ya riga ya kwatanta Isra'ila da gonar inabi, don haka shugabannin suka gane da su a ke, suka nemi kama shi, amma suka ji tsoron jama'a. Ga Kirista, bayin su ne annabawa, ɗan kuwa shi ne Almasihu, ikonsa daga wurin mai gona ya ke. A nan suka rabu da Musulmi, waɗanda su ke girmama Isa Almasihu da cewa Manzon Allah ne, ba ɗa ba.

A shekara ta 70 Rumawa suka rushe Haikalin bayan tawayen Yahudawa. A shekara ta 132 wani mayaƙi, Bar Kokba, ya sake tayar da yaƙi, waɗansu suka ɗauke shi Almasihu, aka kashe shi a 135. Kirista ba su bi shi ba, domin misalan nan sun riga sun koya musu cewa Almasihunsu mai shuka ne, makiyayi ne, ɗa ne da aka aiko.