George Wythe da Shaidar da Kotu ta Ƙi Saurara

Ranar 8 ga Yuni, 1806, George Wythe ya rasu a birnin Richmond na jihar Virginia bayan jinyar mako biyu. Ya tafi da yaƙinin cewa guba aka sa masa. Kotu ta sallami wanda ake zargi, kuma ɗaya daga cikin dalilan yana cikin dokokin da Wythe da kansa ya taya tacewa.

An haife shi a 1726. Ya fara aikin lauya tun yana saurayi, ya daɗe yana wakilci a majalisar Virginia zamanin mulkin Ingila, sannan ya rattaba hannu kan takardar ayyana 'yancin Amurka ta 1776. A 1779 Kwalejin William da Mary ta naɗa shi farfesan shari'a, na farko a ƙasar. A hannunsa Thomas Jefferson ya koyi aikin lauya. John Marshall ma, wanda daga baya ya zama alƙalin alƙalan Amurka, ya zauna a ajinsa.

Bayan ayyana 'yanci, majalisa ta ɗora wa Wythe da Jefferson da Edmund Pendleton aikin sake tsara dokokin jihar. Sun yi gyare-gyare da dama, amma suka bar wata tsohuwar ƙa'ida yadda take: baƙar fata, bawa ne ko ɗa, ba ya ba da shaida a kan farar fata.

Shi kuwa Wythe ƙyamar bauta yake yi. Ya 'yanta bayinsa. Da yake alƙali, a shari'ar Hudgins da Wright, ya yanke cewa kowane mutum ɗa ne har sai mai iƙirarin mallakarsa ya kawo hujja. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar wa iyalan Wright 'yancinsu, amma ta ƙi shimfiɗa wannan ƙa'ida a kan 'yan asalin Afirka.

A gidansa akwai jikan 'yar'uwarsa, George Wythe Sweeney, ɗan caca da bashi ya yi wa katutu, wanda ke da kaso a wasiyya. A watan Mayu mutum uku suka kwanta ciwo lokaci guda: Wythe, da mai dafa masa abinci Lydia Broadnax, da wani yaro Michael Brown, wanda shi ma ke cikin wasiyyar. Brown ya fara rasuwa. Broadnax ta rayu, kuma ita ce ta ga take-taken Sweeney a ɗakin girki. Da yake baƙar fata ce, 'yancin da Wythe ya ba ta bai buɗe mata bakin kotu ba. Likitoci kuma suka kasa tabbatar da gubar.

Abin da Wythe ya iya yi a kan gadon jinya shi ne sauya wasiyyarsa. Sweeney ya fita daga kotu ba a same shi da laifin kisa ba. Gādon kawai ya rasa.