Ƙauyen Aro: Inda Likita Da Boka Suka Haɗa Hannu

Waiwaye adon tafiya, in ji masu iya magana. Duk sa'adda aka ta da gardamar maganin asibiti da na gargajiya, mukan yi ta musu kamar ba a taɓa gwada haɗa su ba, alhali kuwa an gwada a nan ƙasar tun kafin samun 'yancin kai.

A zamanin Turawa, abin da hukuma ta tanadar wa mai taɓin hankali bai wuce wurin tsarewa ba, kamar gidan mahaukata na Yaba a Legas da aka buɗe a 1907. Manufar ita ce a kawar da shi daga idon jama'a. Sauran marasa lafiya kuwa suna hannun bokaye da malamai, wasu cikin mari.

A cikin wannan hali Dakta Thomas Adeoye Lambo, ɗan Abekuta, ya dawo daga Ingila a 1954, bayan ya karanta likitanci a Birmingham ya kuma ƙware kan ciwon ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley na Landan. Aka ba shi riƙon asibitin Aro a kusa da garinsu. Maimakon ya jira a gama ginin ɗakunan kwanciya, sai ya nemi mutanen ƙauyukan da ke kewaye su sauki majinyata a gidajensu, a biya su kuɗin haya. Sharaɗinsa shi ne kowane majinyaci ya zo da ɗan uwa mai jinya, ko uwa ko 'yar uwa, wanda zai dafa masa abinci ya yi masa wanki. Da safe a rako shi asibiti ya karɓi ƙwayoyi da allura da sauran abin da likita ya tsara, da yamma ya koma cikin jama'a, ya ji hayaniyar yara, ya ga ana noma ana cin kasuwa.

Abin da ya fi ɗaure wa Turawa kai shi ne yadda Lambo ya jawo masu maganin gargajiya na Yarabawa cikin aikin. Ya lura cewa mutumin da ya gaskata an yi masa sammu ba zai natsu da ƙwaya kaɗai ba, don tambayar da ke cin ransa ita ce me ya sa abin ya faɗa masa. Boka ya san harshen wannan tambaya, likita kuma ya san magani da awonsa. Sai aka raba aiki, amma ragama na hannun likita, kuma babu duka, babu ɗauri. Da dangi suka ga ba a raba su da nasu ba, sai tsoron asibiti ya ragu.

Labarin Aro ya bazu. A 1961 aka yi taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka a Abekuta, a Dakar kuma Henri Collomb ya bi hanya mai kama da wannan a asibitin Fann. Lambo ya zama shugaban Jami'ar Ibadan, daga baya mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya har zuwa 1988. Ya rasu a 2004. Tsarin ƙauyen kuwa ya dusashe da gari ya bunƙasa ya haɗiye ƙauyukan.

To, mu fa? A 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa, kuma iyaye ne suka kai akasarinsu da sunan gyara. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Amma doka ba ta jinya. Har gobe, idan ɗalibinmu ya fara sambatu, wurin mai ruƙiyya za a fara kai shi, likita sai abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Da malamin zai yi addu'arsa ya ce a wuce asibiti, likitan kuma ya bar dangi su zauna kusa da nasu ba tare da ya raina imaninsu ba, da mun ci gajiyar abin da Lambo ya gwada a Aro. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.