Kifin Niyufanlan da Iyakar Ƙasar Hausa

Iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi ba a ƙasar Hausa aka shata ta ba. A shekarar 1890 Ingila da Faransa suka ja layi bisa taswira, daga Sayi zuwa Barwa a bakin Tafkin Cadi. A 1898 kuwa aka kewaye Sakkwato da da'ira mai nisan mil 100, aka bar wa Ingila. Wannan ya ingiza Faransawa cikin hamada, domin hanyarsu daga Kogin Kwara zuwa Damagaram ba ta da wadatattun rijiyoyi.

Da ƙarfin Jamus ya fara razana su, sai abokan gabar nan biyu suka nemi sulhu. A yarjejeniyar 8 ga Afrilu, 1904, Faransa ta yafe gatan da masuntanta ke da shi a gaɓar tekun Niyufanlan, Ingila kuma ta janye iyakar zuwa kudu. Ta haka Maraɗi ta koma hannun Faransa. Wato an musanya garuruwan Hausawa da kifin da mazaunansu ba su taɓa gani ba, kuma har yau jikokinsu na tsallaka wannan layi kafin su gai da dangi.